Unguwar da Injiniya Ya Ɗiga

Da la'asar sakaliya Injiniya ya hau babur ya nufi ƙarshen sabon layin wuta, neman Dogo, abokin aikinsa. Tun safe Dogo ya tafi, wayarsa ba ta shiga.

Laifin kuwa na Injiniya ne. Aikinsu zana layukan lantarki a kwamfuta, su auna nauyin da kowanne zai ɗauka kafin a kafa ko turke ɗaya. Shi kuma gwanin tsokana ne. Wata rana Dogo ya fita cin abinci, sai Injiniya ya ɗiga masa ɗigo a zanensa, a tsakiyar fako, ya jera gidajen ƙarya, yana jira ya gani su sha dariya. Dogo bai lura ba, shi kuma ya manta. Aka sa hannu, aka ja waya, aka dasa taransifoma. Da oga ya fara faɗa, Injiniya ya yi gum, aka tura Dogo ya dubo wa ke shan wuta a inda ba kowa. Don kuwa ana sha.

Ya isa ana kiran magariba can nesa. Ga babur ɗin Dogo a yashe. Taransifoma na gurnani. Ƙamshin turare, da ƙaurin roba.

Sai fitilu suka kama. Reras a iska, ba bango, ba rufi. Daidai yadda ya jera gidajen a zanen.

Dogo na zaune a ƙasa, ido buɗe, ba ya ƙiftawa.

"Dogo, tashi mana, ɗan'uwa."

"Bar shi, baƙonmu ne," in ji muryar wata tsohuwa a bayan kunnensa. "Kai ne mai zanen? Sannu, ɗan nan. Mun gaji da duhu."

"Wasa nake yi, Iya."

"Mu dai mun tare."

Numfashi mai sanyi a ƙeyarsa.

"Wannan abokin naka ya ce gobe zai goge mu."

"Ba mai gogewa! Wallahi ba mai gogewa!"



Dogo ya yi tari.

Injiniya ya cicciɓe shi ya aza a babur, bai waiwaya ba.

Dogo ya warke, amma dariyarsa ba ta dawo ba, kuma har yau bai san wa ya ɗiga ɗigon ba. Kullum sai ya ce, "Kai ka cece ni." Injiniya sai ya sunkuyar da kai.

Ɗigon yana nan. Duk shekara Injiniya yana ƙara masa waya mai kauri, don unguwar sai girma take yi.