Yaƙin Harshen Damisa

A zamanin da sarakunan Ayutthaya ke karɓar gaisuwa daga ƙasashen arewa, a shekarar da suke kira ta Biri, ƙarshen rani, lokacin da gonakin shinkafa suka tsattsage suna jiran ruwa, Phraya Kamphut ne ke riƙe da garin Wiang Sakham. Mutum ne mai natsuwa, bai cika zalunci ba, bai kuma cika adalci ba, domin hankalinsa na wani wuri. Wuƙaƙe yake tarawa. Ba takubban yaƙi ba, enep dai, gajeriyar wuƙar nan mai faɗin ciki da kowane manomi ke sokewa a ƙugu yana saran gora da ita. Ya gina musu ɗaki na katako, kowace da sunanta da ƙugiyarta a bango.

Mafi daraja a cikinsu ita ce Harshen Damisa, wuƙa ta ƙarshe da tsoho Phuang, maƙerin bakin kogin Pasak, ya ƙera kafin ya rasu. Ita ba a ratayawa. Tana cikin kubenta, an naɗe ta da jan alharini, an ɗaure da zaren da sufayen haikali suka yi wa addu'a, ba a kwancewa don kada iska ta taɓa ƙarfen.

Mai kula da ɗakin shi ne Khun Thap, bafade siriri mai yawan gumi. Gumin nan kuwa yana da dalili. Wasu shekaru can baya ya kai Harshen Damisa gidansa don ya sabunta saƙar ƙotarta. Matarsa Mae Riam ta gan ta ajiye, ta ɗauka ta sari kwakwa sau ɗaya, kwakwar ta rabe kamar da ma jira take.

"Baban Nuan," in ji ta, "wannan ta zauna."

"Mae Riam, kaina ne fa! Ta Phraya ce!"

"Me yake yanka da ita?"

"Ba ya yanka komai."

"To ga tawa, ita ma ta iya rashin yanka komai."

Ta zura tsohuwar wuƙarta ta kasuwa a cikin kuben. Khun Thap ya auna fushin Phraya, wanda ke nesa kuma bai sani ba, da na Mae Riam, wadda ke tsaye da wuƙa a hannu. Ya naɗe alharini, ya mayar.

Phraya yana da ƙane, Chao Sithat, wanda ya samu garin duwatsu na Pha Ngam da giwayen gidan lokacin da aka raba gadon mahaifinsu. Shi ma ciwon wuƙa gare shi, kuma ya daɗe yana cewa uban ya yi masa alkawarin Harshen Damisa yana kan gadon mutuwa. A wannan rani ya aiko manzo. Phraya ya amsa cewa mahaifinsu bai yi magana ba a kwanakinsa na ƙarshe, tari kawai ya yi, in kuwa ƙane ya ji alkawari a cikin tari, to ya nemi mai maganin kunne.

Kafin wata ya sake, Chao Sithat ya sauko da rundunarsa da giwayensa, ya yi wa Wiang Sakham ƙawanya.

Ba wasa ba ne. An ƙone rumbuna na bayan ganuwa, an kora ɓaunayen noma, mutane sun mutu a ƙofar gabas, cikinsu har da mijin ƙanwar Khun Thap. Shinkafa ta fara ƙarewa a gari. Khun Thap ya rame har zanen ƙugunsa ya zagaye shi sau biyu. Ya durƙusa gaban matarsa yana roƙo ta ba shi wuƙar ya mayar.

Ta miƙo masa. Ya duba, sai ya zauna a ƙasa. Shekarun wasawa a kan dutse sun cinye cikin nan mai faɗi, bakin ya sami gibi daga ƙashin kifi, ƙotar ta yi baƙi da man girki.

"In ka mayar da wannan," in ji Mae Riam, "yau za a sare ka. In ka bar waccan, sai ranar da aka kwance. Ka zaɓa, amma ka matsa, ka zaunar mini kan tsintsiya."

Sai hadari ya fara haɗuwa a kudu. Mayaƙan ɓangarorin biyu manoma ne, kowa ya ɗaga kai yana lissafin dashen shinkafarsa, kowace safiya kuma sansanin Pha Ngam na wayar gari da ƙarancin mutane. Babban sufin haikalin gari, tsoho mai tafiya da sanda, ya fita tsakanin rundunonin ya ce 'yan'uwan su zauna, a kawo abin da ake faɗa a kansa a ajiye a tsakiya.

Aka kafa rumfa a gaban ƙofar gabas. Fadawa suka jeru, mayaƙa suka cika fili, giwaye na tsaye a baya. Khun Thap ya taho da rarrafe ɗauke da wuƙar nan mai jan alharini a kan faranti. Ya riga ya yi wa 'yarsa Nuan sallama.

Chao Sithat ya kwance zaren, ya warware alharinin, ya zaro.

Khun Thap, da goshinsa ke ƙasa, bai ga komai ba, amma ya ji shirun. Ya saci kallo. Chao Sithat ya juya wuƙar yana neman tambarin kifi da Phuang ke bugawa kusa da ƙota, babu. Ya ɗalle ta da farce, ta amsa kamar murfin tukunya. Ya kai ta kusa da hanci, fuskarsa ta nuna ya gamu da tsohon warin jiƙaƙƙen kifi. Ya dubi wansa. Phraya kuwa ya riga ya gani tun daga inda yake zaune. Dukansu masana ne na gaskiya, ba wanda ya ruɗe.

Sannan dukansu suka dubi filin: dubban mutane, gwaurayen mata a kan ganuwa, toka a inda rumbuna suke a da. Ɗaya ya kawo yaƙi, ɗaya ya sa garinsa yunwa, a kan wuƙar da ake samu a kasuwa da kaza guda.

Chao Sithat ya gyara murya. "Ban taɓa ganin irinta ba," ya ce da ƙarfi.

"Ni ma," in ji Phraya. "Ƙanena, na yi tunani. Jini ya fi ƙarfe. Ka ɗauka, taka ce."

"Haba, Yaya! Ni na isa? Kai ne babba, a ɗakinka ta dace."

"Baba ya yi maka alkawari."

"Tari ya yi, Yaya. Kai ma ka faɗa."

"Yanzu da na tuna, akwai sunanka a cikin tarin."

Suka yi ta tura farantin, wannan ya tura, wancan ya mayar. Fadawa suka fara share hawaye saboda irin wannan zumunci. Wani tsohon jarumi ya fashe da kuka a fili. Daga ƙarshe sufin ya ce tun da kowa ya yafe, a ba haikali. 'Yan'uwan suka amsa tare, da saurin da ya ba tsohon mamaki. Aka sake naɗe ta, aka rufe a cikin ginin haikali da tubali, ruwan farko na sauka mayaƙa na gudu zuwa gonakinsu.

Washegari Phraya ya zo gidan Khun Thap da kansa, ya bar dogarai a bakin hanya. Khun Thap ya faɗi ƙasa. Mae Riam na tsugune a gindin matakala tana fere tohon gora. Phraya ya dubi hannunta, ya ga kifin Phuang a jikin ƙarfen.

"Mace, wannan wuƙata ce."

Mae Riam ta haɗa hannuwa ta sunkuya yadda ya kamata. "Ranka ya daɗe, wacce? Taka ai gari duka ya ga an rufe ta a haikali. Har mun yi kuka."

Phraya ya auna al'amarin. In ya karɓa, dole ya ɓoye. In ya sare kan Khun Thap, dole ya faɗi laifinsa. Ya juya ya tafi, a bakin ƙofa ya waiwayo ya ce, da muryar mai ciwo, "Aƙalla ki daina wasa ta a kan wannan dutsen, ya yi kaushi."

Abin da aka riƙe a Wiang Sakham shi ne Phraya Kamphut ya kare garinsa, ya kuma rinjayi ƙanensa da karamci. A Pha Ngam an riƙe cewa Chao Sithat ya ci yaƙi ya yafe ganima. Har yau ana kai furanni gindin ginin. Khun Thap an tuɓe shi bisa laifin tsatsa da aka ce an gani a wata wuƙa, aka mai da shi mai kula da ciyawar dawaki, inda ya yi ƙiba ya kai tsufa. Sauran labarin daga zuriyar Nuan ya fito, bayan duk masu jin kunyarsa sun ƙare.

Na daɗe ina juya al'amarin nan. Mai mulki yana iya tashin runduna da kalma ɗaya, ya ƙone rumbu, ya mai da mata gwauraye, kuma a rubuta masa shi a matsayin jarumta. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinsa: ya miƙe a gaban jama'a ya ce an yi masa wayo. Waɗanda suka mutu a ƙofar gabas ba a taɓa gaya musu a kan me suka mutu ba, kuma ina ganin, a cikin duk waɗanda aka binne a yaƙe-yaƙen sarakuna, ba su kaɗai ba ne.