Marin Da Ya Sauka A Kuncin Tomiwa

Adeola, shugaban 'yan layin taya a kasuwar Sabon Gari, ya kai hannu ya matsa ƙugun Rejoice Barau tana tsakiyar aiki, ita kuwa ta juya ta kwaɗa wa Tomiwa mari.

Rejoice 'yar jarida ce a Idon Gari, wata ƙaramar tashar talabijin ta intanet. Ranar ta je ba da rahoto kai tsaye kan kwatar da ta toshe har ruwan damina ya shiga shaguna. Mark mai kyamara yana gabanta. Maza sun yi cincirindo a bayanta, kowa yana so fuskarsa ta fito. Da ta ji hannu a jikinta ta waiwaya, fuskar da ta fara gani ita ta sha marin. Wani dogon saurayi ne, ɗan ƙanwar Adeola, yaron shagonsa.

Bai rama ba, bai yi zagi ba. Ya dube ta ya ce, "Sannu. Yi haƙuri."

Kafin la'asar bidiyon ya zaga Zariya. Ɗaliban Samaru suka ce a ɗaure saurayin. Matan layin kifi suka ce da ta ƙara masa a ɗaya kuncin. Wasu maza kuma, irin waɗanda ba su da aiki sai latsa waya, suka ce me ya kai mace tsakiyar maza. Rejoice ba ta tanka wa kowa ba. Ta je ofishin 'yan sanda ta kai ƙara. Aka kama Tomiwa, aka tambaye shi, ya ƙi cewa e, ya ƙi cewa a'a. Kawunsa Adeola ya zo sanye da shuɗiyar babbar riga ya karɓi belinsa.

Da a nan maganar za ta tsaya, ba don wannan "sannu" ba. Ta tsaya wa Rejoice a rai. Ta sha ganin marasa kunya, ba ta taɓa ganin wanda aka mara ya yi wa mai marinsa sannu ba. Ta zauna a ofis ta yi ta maimaita bidiyon a hankali, har ta ga abin da duk garin bai gani ba. Tayar babbar mota ce a kafaɗar saurayin, hannuwansa biyu suna riƙe da ita.

Ta nuna wa Mark. Shi kuwa ya daɗe yana sonta, ba ya son ganin ta damu da wani.

"Ki rabu da shi," in ji shi. "Duk halinsu ɗaya."

"Ba halinsu nake tambaya ba. Hannun wa ne?"

Washegari ta koma kasuwa ba kyamara. Ta same shi yana jera tayoyi a bakin shago.

"Kai na mara."

"Ni ne. Har yanzu kunnen yana kiɗa."

"Hannu nawa gare ka?"

"Biyu, kamar kowa."

"Duka biyun suna kan taya. To da me ka taɓa ni?"

Ya sunkuyar da kai.

"Wa ya yi?"

"Kin ci abinci?" in ji shi. "Akwai mai amala a bayan layin nan."

Ta so ta ji haushi, dariya ta riga ta fita. Ta ci amalar, ba ta sami sunan ba.

Da yamma ta fito a tasharsu ta ce ta mari wanda bai yi laifi ba, ta ba shi haƙuri a gaban kowa, ta kuma ce ƙararta tana nan har sai an gano mai hannun. Mutanen da suka yabe ta jiya suka juya mata baya. Aka ce gaggawa gare ta, aka ce neman suna take. Ta kashe sharhin, sai ga saƙo ya shigo.

"Na gani. Ba wanda ya taɓa ba ni haƙuri a talabijin. Na gode, Mai Hannun Ƙarfe."

Ta rubuta: "Wa ya ba ka lambata, Sha-Mari?"

"Tana jikin motar ofishinku. Ni ma na iya bincike."

Haka abin ya fara. Ran Lahadi bayan coci yakan hau keke-napep daga Sabon Gari zuwa Samaru inda take zaune, su zauna a bencin mai gasa masara. Ta yi ta tambaya, don ita ba ta iya zama ba tambaya. Ta ji cewa a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi Yarbancinsa. Ubansa ya rasu yana goye. Kawunsa ya ɗauke su shi da uwarsa Busola, ya sa shi makaranta, ya koya masa taya. In ta kawo zancen ranar nan sai ya dubi titi. Ita ma ba yarinya ba ce. A bidiyon akwai kafaɗar wata shuɗiyar riga a hagunsa, kuma ta ga rigar a ofishin 'yan sanda. Amma zato ba shaida ba ne, ta sani.

"In na tambaye ka yau, za ka faɗa?"

"Ki tambaye ni ko ina sonki, 'yar Baba. Wannan zan amsa da gudu."

"Kana sona?"

"Tun kafin hannunki ya sauka."

Mark ne ya ɓata lissafin. Ya ce mata duk layin taya an san cewa Adeola ya turo yaron ya lallashe ta don magana ta mutu. Ta tuna amalar, ta tuna masarar, ta ji kamar an sake taɓa ta. Ta rubuta masa: "Ka gaya wa wanda ya aiko ka aikin bai yi ba. Kada ka sake zuwa."

Bai amsa ba. Lahadi ta wuce, benci ba kowa. Ta yi ta duba waya tana jin haushin kanta.

Ran Talata saƙo ya zo, dogo.

"Ba wanda ya aiko ni. Amma yau Kawu ya ce in ci gaba da binki har ki manta, ya ce ai shi ya fara duba mini ke. Ya faɗa a gaban mutane, suka yi dariya. Ni ban yi ba. Yanzu na fito daga wurin 'yan sanda. Na faɗa musu abin da na gani. Da tun ranar na faɗa, da ba a zage ki ba. Ki yafe mini. Ko ba ki amsa ba, na riga na sa hannu."

Ta karanta a tsaye, ta zauna ta sake karantawa. Ta rubuta: "Kana ina?"

"Bakin titi. An fitar mini da kaya daga shago."

"Tsaya nan, Sha-Marina."

Aka gurfanar da Adeola a kotun majistare bisa tuhumar taɓa jikin mace ba da yardarta ba. Ya musanta, aka ba shi beli, aka ɗage shari'a. Kasuwa ta rabu biyu. 'Yan layin taya suka ce Tomiwa butulu ne, suka daina amsa gaisuwarsa. Matan layin kifi suka rufe rumfunansu suka cika harabar kotu, wata tsohuwa a cikinsu ta ce ba yau Adeola ya fara ba, yau dai aka samu kyamara. Abokan aikin Rejoice suka zo da kwalaye. A waya kuwa kowa ya zama alƙali.

Tomiwa ya samo tsohon injin iska, ya kafa faci a ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya a Samaru.

Saura Barau, uban Rejoice. Manomi ne daga wajen Zabi, dattijon coci, mutum ne mai kalma ɗaya. Da Rejoice ta kai masa zancen aurenta da Tomiwa, ya ajiye fartanyar da yake gyarawa.

"Ɗan gidan wanda ya ci mutuncinki?"

"Shi ya ba da shaida, Baba."

"Bayan ya yi shiru. Jini ɗaya ne. A'a."

Uwarta Susanna ta yi mata ido ta yi shiru. Rejoice ta bar maganar.

Amma da alama daga wurin uban ta gaji son bincike. Wata safiya ta leƙo ta taga ta ga Barau tsugune gaban kekensa, yana soka wa tayar baya ƙusa. Ya miƙe ya tura keken zuwa dalbejiya. Bayan kwana biyu ma haka. Rejoice ta rufe baki da gyale, ta aika saƙo.

"Me Baba yake ce maka?"

"Ba ya magana. Yana zama yana kallona. Yau ya tambaye ni me ya sa tayarsa take yawan sacewa."

"Ka ce me?"

"Na ce ƙusar gidanku tana da kyau, rami ɗaya take yi kullum, a wuri ɗaya."

Ba ta san yadda suka ƙare ba. Abin da ta sani, ranar uban ya dawo a kan keken, ya jingina shi, ya wanke hannu, ya ce da Susanna ba tare da ya dubi 'yarsa ba, "Na tambaye shi me ya sa ya yi shiru da fari. Ya ce tsoro ya ji. Bai ƙawata ba. Ki ce ya turo manyansa. Ban da wancan."

Nan wata wahalar ta taso. A al'adar su Tomiwa, Adeola ne uban da zai nema masa aure, kuma dangi sun ce ba mai taka ƙafa sai an janye ƙara. Busola tana tsakiya, ɗa a hannu ɗaya, wa a ɗaya hannun. Rejoice ta ga yadda Tomiwa ya rame. Ta jira ya roƙe ta. Bai roƙa ba. Wannan ya fi roƙon nauyi.

"Ba za ka ce in janye ba?"

"Jikinki ne, ƙararki ce. Ni nawa ke ce."

"In ba su zo ba fa?"

"In zo ni kaɗai in kwanta a ƙofar Baba har ya gaji."

Daga ƙarshe Baba Elias, tsohon makwabcin su Tomiwa mai wa'azi a cocinsu, ya ce shi zai tsaya. Da dangi suka ji za a yi ba su, suka ce za su zo. Rejoice ta yi mamakin saurin saukowarsu, ta ajiye abin a ranta.

Ran Asabar suka iso Samaru da doya, da goro, da zuma, da lemo, matan da manyan ɗaurin kai. Tomiwa da abokansa suka zube rub da ciki a tsakar gida gaban Barau. Tsohon bai taɓa ganin haka ba. Ya dubi Susanna.

"Me ya same su?"

"Gaisuwa ce, Malam," in ji Elias. "Ba za su tashi ba sai ka ce ka ba su."

Barau ya bar su a ƙasa ɗan lokaci, don ya ga ko da gaske ne. Sannan ya ce, "Na ba ku. Ku tashi, kuna ɓata riga."

Aka yi guɗa. Aka fito da Rejoice, ta durƙusa. Barau ya ɗora hannu a kanta, ya ɗora ɗaya a kan Tomiwa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Ya ba ku 'ya'ya masu faɗin gaskiya. Kai, kada ka sake jin tsoro. Ke, ki riƙa dubawa kafin ki yi mari."

Aka yi dariya, aka ce amin. Aka sa ranar aure a coci bayan an kawar da amfanin gona. Tomiwa ya sa mata zobe. Ta raɗa masa, "Sannu. Yi haƙuri." Ya cije leɓe don kada ya yi dariya a gaban surukai.

Sai Busola ta tashi daga cikin mata. Ta taka har gaban Rejoice, ta sa gwiwoyinta biyu a ƙasa. Matan dangi suka bi ta, suka durƙusa a bayanta. Yanzu Rejoice ta gane abin da ya kawo su. A wurinsu, in uwar miji ta durƙusa wa amarya a gaban jama'a, ba a mayar da ita hannu wofi.

"'Yata," in ji Busola, "yau mun zama gida ɗaya. Wanda yake kotu kawunki ne yanzu. Shi ya rufa mini asiri da mijina ya mutu. Ki dubi furfurata ki janye."

Rejoice ta dubi ubanta. Ya kawar da kai, ya bar mata. Ta dubi Tomiwa. Idonsa ya cika da hawaye saboda uwarsa, amma ya matso ya tsaya a gefenta.

Ta sauka ƙasa, ta durƙusa har kanta ya yi ƙasa da na tsohuwar. Ta kama hannuwanta biyu ta ɗaga ta, ta kakkaɓe mata zani, ta zaunar da ita a kujerarta.

"Mama, ɗanki nawa ne, ni kuma taki ce. Zan dafa miki, zan yi jinyarki, duk abin da kika aike ni zan je." Ta riƙe hannun ba ta saki ba. "Amma ƙarar nan, ba zan janye ba."