Ranar da Jigo Ya Zo Neman Ruwa

Da hantsi, a wani kwari da ke bayan Dutsen Mesa, inda ko mafarauta sun daina leƙawa, Jigo ya tsaya a bakin fangali ya soka tsinkensa cikin ƙasa. Inji ne mai ƙafafu huɗu, tsayinsa bai wuce na ɗan maraƙi ba, da faifan sola a gadon bayansa da dogon wuya wanda ya ƙare da bakin tiyo. Tsinken ya ɗanɗana ƙasar ya ji ta bushe ƙamas. Jigo ya juya ga tankin da ya tara ruwan damina, ya ja, iska kawai ta fito. Ya koma ya bi shukar layi-layi yana dubawa, ganyayyaki duk sun yi yaushi sun sunkuyar da kai.

"Ku yi haƙuri, 'ya'yana," in ji shi. "Bari in je in nemo muku."

Muryar dattijo ce, mai ɗan kaushi, irin ta wanda ya daɗe yana cin goro. 'Ya'yan da yake lallashi kuwa ba tumatir ba ne, ba albasa ba. Tabar wiwi ce, kwari guda cur.

Akwai jijiyar ruwa a ƙarƙashin kwarin, kuma Jigo ya san da ita, domin ƙafafunsa na jin motsin ruwa a cikin ƙasa. Akwai mahuji a cikinsa wanda zai iya kai shi gare ta kafin azahar. Bai taɓa mahujin ba. Ya naɗe wuyansa, ya juya yamma, ya kama hanyar gari.

Garin shi ne Tudun Faifai, birnin da aka rufe rabin samansa da faifan sola, inda motoci ke tuƙa kansu, 'yan aike kuma ƙananan jirage ne marasa matuƙi. An ƙoshi da wuta a Tudun Faifai, ruwa ne dai ya gagara. Duk ci gaban nan bai hana a koma ga tsarin kakanni ba: ruwan ƙasa na kowa ne, kuma ba mai buɗe shi sai Sarkin Rafi ya ba shi layi. In rigima ta tashi a kan layi, mutum ɗaya ake nema, Malam Anaruwa, tsohon manomin rani da aka haifa ana tsuga ruwa. Ko ta waya ya yi magana, in ya ce wane ne ya riga, an gama. Garuruwan maƙwabta ma kiransa suke yi, su sa wayar a lasifika a tsakiyar taro, kowa ya ji ya watse.

Ɗansa ne ya ƙera Jigo. Injiniya Tanimu ya yi karatun injinan noma mai zurfi, ya dawo gida da niyyar sai an san sunansa a duniya. Ya lura cewa injinan ban-ruwa na kamfanoni agogo suke bi, su zuba ko ƙasa tana so ko ba ta so, alhali mahaifinsa da idonsa kawai yake gane shukar da ke jin ƙishi. Sai ya maƙala wa tsohon wata 'yar na'ura a wuyan riga, mai ido da kunne, ta bi shi lambu rani guda. Duk abin da ya gani ta gani, duk abin da ya faɗa ta ji. Daga wannan ne Tanimu ya gina abin da ya kira ƙwaƙwalwar koyi, wadda ba a rubuta mata doka, kwaikwayo kawai take yi. Ya sa wa injin suna Jigo, sunan sandar ɗebo ruwa ta mutanen da. Tsohon ya yi dariya ranar da ya fara jin muryarsa na fitowa daga cikin ƙarfe, ya ce to, yanzu ko ya mutu albasa ba za ta yi maraici ba.

Manyan gonaki suka gwada Jigo suka dawo da shi. Sun ce yana da iya aiki amma ya cika gaisuwa. Yakan yi sallama kafin ya shiga fangali, yakan tsaya in akuya ta zo shan ruwa, kuma kafin ya buɗe rijiya sai ya aika wani ɗan saƙo ta intanet ya jira amsa. Tanimu ya ga saƙon a cikin bayanan injin bai tsaya karantawa ba, ya ɗauka cikin surutun tsoho ne. Masu ilimi dai, Allah ya bar mana su, sukan san komai game da abu ban da abin da yake yi.

Ana cikin haka Gambo Dillali ya same shi. Gambo mutum ne mai laushin baki da tsadar turare, kuma bai yi wani kewaye-kewaye ba. Ya ce yana da gonaki a dazuzzuka masu nisa, matsalarsa masu ban-ruwa, domin ɗan Adam yana da baki kuma yana barin sawu. Yana son injin da zai zauna shi kaɗai daga shuka har girbi. Tanimu ya san ko wace irin gona ce. Ya ji kunya a ranar, kunya sosai, amma ya ji daɗin an samu wanda ya ce aikinsa ya yi, kuma daɗin ya rinjaya. Sharaɗin Gambo ɗaya ne, a cire duk abin da zai haɗa injin da intanet don kada a bi diddiginsa. Tanimu ya cire da hannunsa. Da mahaifinsa ya tambayi inda aka kai injin mai muryarsa, ya ce masa yana can yana shayar da ganyen magani. Tsohon ya sa masa albarka, shi kuma ya kasa cin tuwon da aka ajiye masa.

Abin da Tanimu bai sani ba shi ne, ɗan saƙon nan neman izini ne. Malam Anaruwa bai taɓa buɗe ruwan ƙasa ba sai ya sanar da Sarkin Rafi, kuma ƙwaƙwalwar koyi ba ta san yadda ake raba ban-ruwa da neman izini ba, a wurinta aiki ɗaya ne. Muddin ruwan sama ne a tanki, ba ruwan kowa. Da tanki ya ƙafe aka zo kan jijiyar da ke shayar da rijiyoyin unguwannin gangare, Jigo ya nemi aika saƙo ya ji hanya a toshe. Sai ya yi abin da tsohon ke yi kafin zuwan waya, ya tafi da ƙafa.

Ya iso Tudun Faifai bayan la'asar. Motocin gari suka riƙa kauce masa da kansu, 'yan tireda na miƙewa suna kallo. Ƙaya ta kakkarce shi, ƙafa ɗaya tana ja, ga ganye mai yatsu ya maƙale a kowace gaɓa ta jikinsa, yana tafe warinsa na bin sa. Bai tambayi kowa hanya ba. Ya nufi gindin tsamiyar da ke ƙofar gidan Sarkin Rafi Jatau, inda dattawa ke zama, domin ya sha zuwa nan a wuyan rigar Malam Anaruwa.

Malam Anaruwa na nan a kan buzunsa. Tanimu ma na nan, ya kawo wa mahaifinsa maganin gwiwa, yana durƙushe a gefe. Shi ya fara hango injin, ya gane shi nan take. Ya so ya tashi ya tare shi, amma injin ya riga ya ƙaraso.

Jigo ya tsaya nesa kaɗan da tabarma, inda tsohon ke cire takalmi, ya lanƙwashe ƙafafun gaba.

"Salamu alaikum. Ranka ya daɗe, Sarkin Rafi, an wuni lafiya? Ya iyali, ya jama'a?"

Dattawa suka dubi injin, suka dubi Malam Anaruwa wanda bakinsa ke rufe. Wasu suka fara dariya, suna cewa Malam ya yi tagwaye da tsufa. Sarkin Rafi, wanda ke son raha, ya amsa sallamar ya tambayi baƙon ko wane ne shi, me kuma ke tafe da shi.

"Anaruwa ne, ranka ya daɗe. Tankina ya ƙafe, 'ya'yana sun kwana da ƙishi. Layi nake roƙo a jijiyar bayan Dutsen Mesa, in ba zan takura wa mutanen gangare ba."

Dariyar ta ragu, domin kowa ya san ba lambu a bayan Dutsen Mesa. Wani dattijo da ke kusa ya miƙa hannu ya ciro ganye ɗaya daga gwiwar injin, ya sansana, ya yi maza ya yar ya goge hannu a riga. Sarkin Rafi ya gani. Ya yi tambayar da ake yi wa duk mai neman layi, amma a hankali, kamar ba ya son amsar.

"Me kake shayarwa?"

"Tabar wiwi ce, ranka ya daɗe. Ta yi kyau bana, ba don ƙishin nan ba."

Haka tsohon yake, bai iya ɓoye abin da ke fangalinsa ba, kuma bai iya ambaton shuka ba tare da ya yabe ta ba. Masu wucewa sun riga sun taru, da yawa sun ɗaga wayoyinsu suna ɗauka. Ba wanda ya yarda a ransa cewa Malam Anaruwa na noman wiwi, amma kowa ya ji muryarsa ta faɗa, kuma muryar nan ce aka saba yanke hukunci da ita.

Tanimu ya san abin da ya kamata ya yi. Ya tashi ya ce aikinsa ne, mahaifinsa bai san komai ba. Magana ce gajera, amma ya bar ta ta daɗe a bakinsa, yana kallon ƙasa yana fatan wani abu ya faru ya cece shi. Wannan jinkirin shi ya fi ba shi kunya daga baya, fiye da kwangilar kanta. Sai da ya ɗaga kai ya ga tsohon na dubansa, ba da fushi ba, da jira, sannan ya miƙe ya faɗa. Ya faɗi sunan Gambo, ya faɗi ƙaryar ganyen magani.

Malam Anaruwa ya juya ga injin, wanda har yanzu ke durƙushe yana jiran amsa, ya roƙi Sarkin Rafi ya bar shi ya sallame shi da kansa.

"Ba a ba ka ba," in ji shi. "Ruwan na mutanen gangare ne."

"To, madalla. Allah ya ba mu haƙuri," in ji Jigo, da muryar da ba ta bambanta da ta farkon ba ko kaɗan. Ya naɗe ƙafafunsa ya zauna a gefe, kamar yadda tsohon ke zama in an hana shi layi, ba gardama.

Sarkin Rafi ya ce dole a sanar da hukuma, Tanimu ya ce ya sani, ba inda zai je. Tsohon ya matso da shi kusa, ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada taro ya ji.

"Rani ɗaya ya yi da ni ya koyi neman izini. Kai a gidana aka haife ka." Sannan ya nuna injin ya tambaya, "Shi kaɗai ne?"

Ba shi kaɗai ba ne. Gambo ya ce gonaki, bai ce gona ba. Kowace gona an kai mata Jigonta, dukkansu da ƙwaƙwalwa ɗaya, kuma rani bai bar tankin kowa ba. Kafin a kira magariba wayar Sarkin Rafi ta fara ruri. Daga Rafin Kanya aka ce wani inji ya zo fada da muryar Malam Anaruwa yana neman ruwan wiwi. Daga Gangaren Doka ma haka, a can har a cikin kasuwa ya yi sallama. Hotunan suka bazu a wayoyi, matasa suka ɗauki "ta yi kyau bana" suna maimaitawa da muryar tsoho suna ƙyalƙyala dariya.

Tsohon ya ce a ba shi waya. Ya ce muryarsa ce ta shiga garuruwan mutane da ƙazanta, shi ya kamata ya ba su haƙuri. Ya sa Tanimu ya kira masa Sarkin Rafin Kanya, amininsa tun suna samari, mutumin da ya sha sa shi a lasifika ya raba gardama. Wayar ta shiga. Malam Anaruwa ya yi sallama, ya tambayi iyali da jama'a, ya ce Anaruwa ne.

Aminin nasa ya yi magana, cikin ladabi, ba da niyyar cin fuska ba.

"Ka gafarce ni. Wane Anaruwan ne, mutumin ko ƙarfen?"

Tsohon ya buɗe baki zai amsa, ya ga duk abin da zai faɗa ƙarfen ma zai iya faɗa, kuma da wannan muryar. Ya sauke wayar daga kunnensa ya miƙa wa ɗansa. Tanimu ya karɓa da hannu biyu, yana jin mutumin na ta cewa a yi magana, a yi magana. Malam Anaruwa ya naɗe buzunsa ya saɓa a kafaɗa, ya bi ta gaban Jigo ya nufi gida, bai yi wa kowa sallama ba.