Wanda Ya Kashe Sabar Jiwa

Ran Litinin da sassafe aka buɗe siton Alhaji Sale da ke bakin garin Jiwa, aka tarar rabinsa wayam. Batiran sola ne a ciki, manyan nan da ƙarti biyu ke ɗauka suna nishi, kayan da suka yi daraja tun da Abuja ta shiga gine-gine ba ji ba gani, wutar lantarki kuma ta ƙi zama. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa kwaɗo ba.

Kafin Sufeto Muhyiddeen ya iso, Alhaji ya riga ya gama nasa binciken, ya yanke hukunci, ya buga wa DPO waya. An je har ƙofar gidan dattijo Zacharias an ɗauko 'yarsa Lucy, wadda ta zo hutun ƙarshen mako, aka jefa ta bayan mota a gaban mata masu surfe da yara masu tafiya makaranta. Alhaji na tsaye yana kiranta ɓarauniya da murya irin ta mai tallan magani.

Muhyiddeen ya gaji. Ya daɗe a aikin nan har gwiwarsa ta hagu ta fara yi masa gardama, ritaya kuma tana nesa kaɗan, tana masa gwalo. Ya san yadda irin wannan ke ƙarewa. DPO ya ce ranar Alhamis za a kai yarinyar kotu, kotu ta tura ta gidan yari jiran shari'a, daga nan kuma sai wanda Allah ya sa ya tuna da ita. Ko ta fito, a ƙauye irin Jiwa sunan ya riga ya manne mata.

Hujjar Alhaji ba ta rasa ƙafa ba. A wani ɗan ɗaki cikin siton akwai kwamfuta marar allo da ake kira saba, ita ke ajiye duk abin da kyamarori suka ɗauka. Lucy ce mai kula da ita, amma ba sai ta zo ba. Daga ɗakinta a Durumi take buɗe wani shafi a burauza, ta sa sunanta da kalmar sirri, ta gyara abin da ya lalace. Ita kaɗai ke da sunan shiga, tana kuma da makullin sito saboda ɗakin. Da 'yan sanda suka ciro faifan ajiyarta suka duba suka mayar, sun tarar an goge hotunan kyamarorin tas, kuma ranar Lahadi tana Jiwa.

Muhyiddeen ya leƙa ɗakin sabar. Fitilar sama na ci, fanka na juyawa, amma na'urar shiru. Ya ɗora tafin hannu a kanta ya ji ta sanyi.

Ya fara da mai gadi, Abraham, wani doguwar tsoho mai ƙaramar murya. Abraham bai ɓoye ba, duk Lahadi da safe yakan tafi coci, da sanin Alhaji. Makullin ƙofar waje kawai gare shi. Wata mai noman gyaɗa a bayan sito ta tabbatar ta ga babbar mota ta shiga ta fito tun ana waƙa a coci, ta ɗauka masu kayan ne. Da Abraham ya dawo ya tarar komai a kulle, sai ya shiga ɗakinsa ya zauna gaban ɗan talabijin da ke nuna masa kyamarori.

"Yana aiki da ka dawo?" in ji Muhyiddeen.

"Yana yi, oga. Har masallaci ya kira la'asar, shi ne ta mutu. Ni na ce ko wuta ne."

Muhyiddeen ya sallame shi. Mutumin da ke cewa talabijin ya mutu don wuta, alhali fanka na juyawa a kansa, ba shi zai goge hotuna a saba ba.

Ya tarar da Lucy a tsare bayan kanta a caji ofis, tana zaune a ƙasa da kayan da aka kamo ta da su, ba ta kuka, idanun dai sun kumbura. Ta ce tana coci da iyayenta har azahar. Ya gaya mata gaskiya, wannan ba zai fisshe ta ba, tunda abin da ake zarginta da shi ana iya yinsa daga bencin coci da waya a cinya. Abin da ya fi ɓata masa rai da laifukan zamani ke nan. Da can ɓarawo sai ya taka ƙasa ya bar sawu.

Sai ya ambata cewa ya tarar da na'urar a kashe. Nan ta ɗago kai.

"A kashe? Ba wuta ce ta ɗauke ba?"

"Akwai wuta."

"To ba ni ba ce, yallaɓai. Shafin nan yana iya kashe saba, amma ba ya iya kunna ta. In ka kashe, sai ka hau mota ka je ka danna da yatsa. Duk mai irin aikina hannunsa ba ya zuwa wajen. Kuma in ni na goge, ai barinta zan yi tana aiki, a yi makonni ba wanda ya lura."

Ya tambaye ta ko akwai wanda ta taɓa ba kalmar sirrin. Ta ce bara Alhaji ya matsa mata lamba ta ajiye masa a wayarsa. Ya ce sitonsa ne, na'urarsa ce, ba zai yiwu mabuɗi ya zauna a aljihun ma'aikaciya kaɗai ba. Ta nuna masa haɗarin, ya ce ta yi abin da aka sa ta.

A hanyar Durumi, cikin cunkoson motoci da hayaƙi, Muhyiddeen ya yi ta juya abin. An kwashe kaya da safe. An goge hotuna can da yamma. To kashewar ta mece ce? Ba ta ɓoye komai ba, sai ma tona asiri da ta yi.

Shagon Alhaji Sale na Durumi, kan layin masu kayan lantarki. Alhaji ya amsa cewa lallai an sa masa wani abu a waya, amma shi bai taɓa buɗewa ba, ba ya ma ganin ƙananan rubutun nan. Ranar Lahadi kuwa yana unguwar Dutse Alhaji wajen sunan jikansa tun safe har magariba, shi da ƙaninsa Ɗan'auta, mutane fiye da a ƙirga sun gan su. Ɗan'auta shi ne mai kula da shagon, yana kuma da nasa makullan sito, mutum mai furfura a gemu wanda har yau wansa ke kira "kai yaro". Ya ce shi batir ya sani da inbata, shafin nan ko kamanninsa bai taɓa gani ba.

Suna cikin magana wayar Alhaji ta yi ƙara. Ko dubawa bai yi ba, ya miƙa wa Ɗan'auta ya ce ya karanta masa.

Muhyiddeen ya roƙi kujera don gwiwarsa, ya zauna har lokacin tashi. Ya ga Ɗan'auta ya bi shagon lungu-lungu yana kashe soket, yana zare waya daga bango, har da ta firjin ruwan sha da ta agogo. Maƙwabcinsu ya yi dariya ya ce haka yake kullum. Tun suna yara gobarar kasuwa ta cinye rumfar ubansu a Kano saboda wani abu da aka bari a kunne, daga ranar Ɗan'auta ba ya iya juya wa abu mai wuta baya.

Washegari Muhyiddeen ya sake kwasar ƙafa zuwa Jiwa, ya danna madannin da Lucy ta kwatanta masa, na'urar ta farka. Tafiyar ta cinye masa rabin yini, ya kuma gane da gwiwarsa dalilin da ya sa yarinyar ba ta kashewa.

Ran Laraba ya tara su a ofishinsa, Alhaji da ƙaninsa a benci, Lucy a tsaye gefe. Ya ce yana son ganin sito ta wayar Alhaji, don rahoto. Alhaji ya miƙa wa Ɗan'auta, kamar yadda ya saba. Muhyiddeen ya shiga jan Alhaji da hira kan tsadar kaya da halin kwastam, ya bar ƙanin da waya. Ba a jima ba Ɗan'auta ya turo masa allo, ga sito, ga Abraham na gyangyaɗi a ƙofa.

"Madalla, na gani," in ji Muhyiddeen, ya mayar masa, ya ci gaba da hirarsa.

Ta gefen ido ya ga babban yatsan ya haura kusurwar allo, ya buɗe wani ɗan jeri, ya gangara, ya danna, ya sake dannawa don tabbatarwa. Duk cikin ƙiftawar ido, mai yatsan ma kunnensa na wajen hirar kwastam.

"Ya kashe ta," Lucy ta faɗa a hankali.

Ɗan'auta ya dubi hannunsa.

Muhyiddeen ya jera musu abin ba tare da ɗaga murya ba, don ba shi da ƙarfin ɗagawa. Wanda ya ce bai taɓa ganin shafi ba ya shige shi ba tambaya, ya kuma gano madannin da ke ɓoye. Bikin sunan da ake ganin ya wanke shi, shi ne ya ajiye shi wuni guda kusa da waya ɗaya tak, ban da ta Lucy, mai iya shiga sabar, kuma kowa ya san mai riƙe wa Alhaji waya in yana gaisawa da baƙi. Bai buƙaci zuwa Jiwa ba, ya tura mota da makullinsa a lokacin da ya san mai gadi na coci. Da la'asar, jama'a sun tafi alwala, ya goge hotuna. Da ya tsaya nan, da har yau ba a gano shi ba. Amma ya gama aiki, hannunsa kuma bai iya barin abu a kunne ba.

Ɗan'auta bai yi musu ba. Ya faɗi rumfar da kayan suke a Dutse Alhaji. Sannan ya dubi wansa.

"Tun ina da gashi baƙi nake tsare maka shago, Yaya. Duk yaron da ya zo bayana ka sallame shi, ya buɗe nasa. Ni kullum sai baɗi."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, ba ƙaninsa ya duba ba, Sufeto ya duba. Ya ce wannan maganar gida ce, za su kashe ta a gida, ya janye ƙara. Muhyiddeen ya san haka za a yi tun kafin a faɗa, ya kuma san DPO ba zai ƙi ba.

Alhaji ya juya wajen Lucy ya ce ta yi haƙuri, ƙaddara ce, in ta huta ta je ta kunna na'urar.

"Abu ɗaya nake so, Alhaji," ta ce. "Inda ka tsaya ka kira ni ɓarauniya, ka koma ka tsaya ka ce ba ni ba ce."

Alhaji ya gyara hula. Ya ce ai abu ya wuce, tone-tone ba shi da amfani, zai aika a gaishe da mahaifinta. Ya ja ƙaninsa suka fita.

Takaici ya kama Muhyiddeen, irin wanda ya ɗauka shekaru sun riga sun kashe masa. Ya sa hannu a takardar sakinta, ya karɓi makullin motar ofis, ya buɗe mata gaba.

Sun isa Jiwa rana ta yi sanyi, mutane na dawowa daga gona. Ganin motar 'yan sanda a ƙofar Zacharias ya tara su nan da nan. Tsohon ya fito yana dafa bango. Muhyiddeen ya sauko da ƙyar, ya tsaya a tsakiyar fili, ya tattaro abin da ya rage masa na murya ya ce shi ne ya yi binciken, an gano ɓarawo, ba Lucy ba ce, ba ta da hannu ko kaɗan.

Wata tsohuwa mai ɗauke da itace a kafaɗa ta tambaye shi wane ne ɓarawon, kuma yana ina.

Ya ce an sake shi.

Tsohuwar ta dube shi, ta dubi Lucy, ta gyara itacenta ta wuce. Sauran ma suka fara watsewa biyu-biyu, suna magana ƙasa-ƙasa da yarensu, wanda Muhyiddeen ba ya ji. Lucy tana ji. Ta kama hannun ubanta suka shiga gida, ta rufe ƙofa.