Muryar Mushe Halidu

A takardar da aka sallami Mushe Halidu daga aikin koyarwa a shekarar 1967, an rubuta cewa ya ƙi yi wa insifekta magana saboda girman kai. Wannan ƙarya ce. Ga yadda abin ya faru, daki-daki.

Halidu Ɗan'azumi mutumin garin Tawa ne, yana koyarwa a wata lekwal, wato makarantar boko, ta unguwar Kalle, cikin Yamai, inda ake kiran malami Mushe. Bayan samun 'yancin kai yara suka cika makarantu, ajinsa kaɗai mutum tamanin da huɗu. Kafin azahar muryarsa ta dushe, na bayan aji ba sa jin komai. Insifekta ya riga ya ja masa kunne sau ɗaya, ya ce zai dawo ranar Talata, in ya tsaya a ƙarshen aji bai ji darasi ba, za a ba wani ajin.

Shi ya sa ya haɗa wa kansa na'urar ƙara murya. Ya ciro tiransisto huɗu daga matattun rediyoyi, ya jera su cikin gwangwanin biskit, ya haɗa da makirfo da amsa-kuwwa. Da pil, wato batir, tana aiki sarai, sai dai pil shida ba sa kai kwana biyu. Ya je wurin Sumana, mai gyaran rediyo a bayan Babbar Kasuwa, ya samo ɗan akwatin rage wuta, mai karɓar kuran, wato lantarkin bango, ya mayar da shi bolt tara, ba ƙari ba ragi.

Da ya jona, na'urar ta kama gurnani kamar an kulle ƙudan zuma a tulu. Ya koma. Sumana ya ce gwangwanin yana neman a haɗa shi da ƙasa: a kafa ƙarfe a bayan ɗaki, a ɗaura masa waya, a zuba ruwan gishiri a gindinsa.

"Amma da hantsi ake yi, Mushe," in ji shi. "Da hantsi."

Halidu ya ɗauka don a ga aiki da kyau ne. Bai tambaya ba.

Ran Litinin bai baro lekwal ba sai da rana ta yi ja a kan kogi. Ya kafa ƙarfen a bayan ɗaki, inda matarsa Kadi ke zubar da toka, don nan ne ƙasa ta fi taushi. Gishirin na Bilma ne, ya ƙi narkewa a ruwan sanyi. Sai ya sauke butar shayi daga kan murhu, ya narka shi, ya kwarara a gindin ƙarfen yana tafasa. Bai yi bisimilla ba. Hankalinsa na kan gobe.

Ƙasa ta shanye ruwan da wani ɗan sauti, kamar jariri ya ja numfashi zai yi kuka, kukan bai fito ba.

Kadi ta tsaya da ludayi a hannu. Ta tambaye shi a hankali ko ruwan zafi ya zuba a toka, da magariba. Ya ce mata wannan aikin ilimi ne, ta je ta duba miyarta.

Ya shiga ɗaki ya jona. Ɗan jan fitilar akwatin ya kama. Gurnani ya ɗauke. Shirun ya yi yawa ma: ba kukan awakin maƙwabta, ba ƙarar keke a titi. Kiran salla yana zuwa daga nesa, kamar daga ƙarƙashin ruwa.

Malamin makaranta ba ya gwada murya da "alo, alo". Ya buɗe rajistan aji.

"Abdu Garba."

Muryarsa ta cika ɗakin, tas, kamar ta shekara goma baya. Ya yi murmushi.

"Idrisa Yakuba."

Sai aka amsa masa daga cikin amsa-kuwwar, da 'yar siririyar murya, irin yadda yara ke amsawa a aji da Faransanci:

"Perzan."

Ya ajiye makirfon. Warin toka jiƙaƙƙa ya shigo ɗakin, da ƙaurin gashi.

Amsa-kuwwar ba ta yi shiru ba. Ta ci gaba da kiran suna, da muryarsa, har da ɗan tarin da yake yi tsakanin suna da suna. Sunayen ba sa cikin rajista. Wasu ma bakin mutum ba zai iya faɗarsu ba. Ana kira, ana amsawa. Ƙananan muryoyi, da yawa, wasu suna shessheƙa kamar waɗanda suka ƙone.

Ya fizge wayar daga bango.

Jan fitilar bai mutu ba.

Ya taɓa akwatin, sanyi ƙalau kamar dutsen kogi. Ya nemi addu'a a kansa, sunayen yara kawai ya tarar.

Kiran ya tsaya. Aka juya takarda, ya ji ƙarar juyawar, alhali rajistan na rufe a gabansa.

"Halidu Ɗan'azumi."

Kadi na bakin ƙofa, ba ta iya shigowa ba. Ta yi raɗa:

"Mushe, don Allah kada ka amsa."

"Halidu Ɗan'azumi."

Ya cije leɓe har ya ji ɗanɗanon jini. Amma tun yana ɗan shekara bakwai a lekwal ta Tawa, duk wanda aka kira sau uku bai amsa ba bulala ce rabonsa. Shi ma haka ya horar da yaransa shekara goma sha biyar. Abin ya zauna masa a baki.

"Halidu Ɗan'azumi."

"Perzan."

Ya ji ana zare wani abu daga maƙogwaronsa, a hankali, kamar zare daga bakin zane. Ya kama wuyansa da hannu biyu. Babu abin riƙewa.

Aka sake juya takarda.

"Kadi Yahaya."

Kadi ba ta taɓa shiga aji ba, ba wanda ya koya mata amsa rajista. Ta cusa kallabinta a baki, ta suri taɓarya, ta zaga bayan ɗaki. An kira ta na biyu tana gudu. Ta kai wa wayar duka a gindin ƙarfen, ta kuskure. Ta sake.

Wayar ta tsinke. Jan fitilar ya mutu. Awaki suka kama kuka gaba ɗaya.

Ran Talata Halidu ya sa farar rigarsa ya tsaya gaban yara tamanin da huɗu, insifekta na ƙarshen aji. Ya buɗe baki. Iska kawai ta fito. Ya ɗauki alli zai yi bayani a allo, insifekta ya ce ba ya son wasa, ya fita. Likita ya duba maƙogwaron, ya ce lafiya lau yake, takardar likitan ma aka haɗa aka yi hujja da ita a kansa. Ba wanda ya kira Kadi ya ji daga bakinta. Ba wanda ya kira Sumana.

Ƙarfen, maza huɗu suka taru a kansa bai motsa ba. Halidu da Kadi suka tashi daga gidan. Ya ƙare rayuwarsa yana rubuta wa mutane wasiƙa a ƙarƙashin wata bishiya, ana faɗa yana rubutawa. Waɗanda suka shiga gidan bayansu sun ce da magariba akan ji ana kiran suna a bayan ɗaki, da murya mai kyau, wadda na ƙarshen aji zai ji sarai. Sun hana 'ya'yansu amsawa.

Halidu ya rasu, takardar sallamar tana nan yadda aka rubuta ta. Ba kuɗi ake nema ba, layi ɗaya ne za a gyara. A soke "ya ƙi magana". A rubuta gaskiya: an kira sunansa, ya amsa.