Hannun da Ya Fito a Tallar Waya

Da hantsi Mukarrama na zaune a tsakar gida tana jera curin mazarƙwaila a cikin kwando, sai ga ƙawarta Farida ta faɗo, ko sallamar kirki ba ta yi ba, waya a hannu.

"Mukarrama! Kin ga abin da ke yawo tun jiya? Wallahi hannunki ne!"

"Hannuna kuma? A ina?"

"A tallar shagon su Zulkifilu mana! Ungo, duba da idonki."

Mukarrama 'yar Malam Zakiyyu ce, mai injin matse rake a bayan garin Makarfi. Saura sati biyar a ɗaura mata aure da Zulkifilu, wani saurayi ɗan Kudan da ke tsaron shagon wayoyi na Alhaji Uwaisu a bakin kasuwa. Tun tana 'yar shekara goma sha uku wani farin tabo ya fara fito mata a yatsu, a hankali ya bazu har wuyan hannu. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi. An kai ta asibiti a Zariya, likita ya ce launin fata ne kawai ya gushe a wurin, ba a ɗaukarsa. Duk da haka ba ta fita sai da baƙar safar hannu, har mutanen unguwa suna ce mata ustaziya. Zulkifilu ya san da tabon, don ita ce ta nuna masa tun kafin a kawo gaisuwa.

Ta karɓi wayar. Bidiyon bai kai minti ɗaya ba. Ga ruwan rake yana tafasa, ga kumfa tana tashi, sannan hannu biyu suka shigo suna zuba ruwan mai kauri a ƙananan kwanuka. Ba a nuna fuska ba, amma ga zoben azurfarta, ga muryar Baba yana cewa a ƙara itace. Ranar ta cire safar ne saboda zafin wuta. Kowane tabo ya fito tar, har bakinsa inda fari ya haɗu da baƙi. A ƙasa an rubuta: "Sabuwar waya ta iso! Kyamarar da ba ta ɓoye komai!"

"Kar ki karanta kwament," in ji Farida.

Ta karanta.

"Kai! Wannan kyamara ƙarshe ce, har tururi kana gani!"

"Nawa take? A ajiye mini ɗaya."

"Ku yi zum a hannun nan. Mene ne wannan fari-farin?"

"Albaras ne fa! Da wannan hannun ake yi mana abin da muke ci?"

"Da da tsohuwar wayata aka ɗauka ba wanda zai gani. Tawa mai rufin asiri ce!"

"Ai 'yar gidan mai rake ce, wadda ba ta cire safa. Yau mun gane."

Mukarrama ta karanta har ƙarshe, ta miƙa wa Farida wayarta, ta ɗauki curi ta ci gaba da jerawa.

"Ba za ki ce komai ba?"

"Kwandon nan ake jira," ta ce.

Bayan la'asar Zulkifilu ya zo. Ta same shi a zaure a tsaye, ya kasa zama, idonsa jajur.

"Na goge shi, Mukarrama. Tun da safe na goge, amma an riga an kwashe an watsa. Alhaji ne ya ce in ɗauko wani abu na garinmu da zai nuna ƙarfin kyamarar. Na tambayi Baba, ya ce in ɗauka. Ke ce ban tambaya ba. Wallahi sau goma na kalli bidiyon nan kafin in saka, ban ga tabo ba. Hannunki kawai na gani!"

"Na sani."

"To ki yi mini faɗa mana! Ki zage ni!"

Ta dube shi. Ta nemi fushin a cikin zuciyarta kamar mai laluben abu a ɗaki, ba ta same shi ba. Babu fushi, babu baƙin ciki, babu komai.

"Ba ni da faɗan, Yaya Zulkifilu. Ka gaida su Hajiya."

Su Hajiya Adama kuwa, mahaifiyar Zulkifilu, sun riga sun gani. Wata 'yar uwa ce ta jefa bidiyon a gurup ɗin dangi na waya. Kwana uku bayan haka kawun Zulkifilu, Malam Maiwada, ya zo daga Kudan. Mukarrama na shara a bayan zaure, ta ji komai. Sun daɗe suna gaisawa, an tambayi iyali, an tambayi rake da damina, sannan muryar baƙon ta yi ƙasa.

"Malam, aiko ni aka yi, kuma aiken bai yi mini daɗi ba. Hajiya Adama ta ce a ɗaga bikin nan tukuna. Ta ce ba a gaya mata ba, kuma tana tsoron jikoki."

Baba ya ce, "Yaron ya sani tun farko."

"Ya faɗa mata. Har takardar likita ya kai mata. Ta ce takarda ba ta rufe bakin dangi."

Mukarrama ta ƙarasa shararta, ta kwashe, ta jingine tsintsiya.

Abin bai tsaya nan ba. Ranar kasuwa 'yan sarin da ke zuwa daga Ikara suka wuce rumfar Baba kamar ba su san shi ba. Kwanduna bakwai aka fita da su, biyar suka dawo. Mahaifiyarta, Inna Bilki, ta zauna a bakin murhu tana kuka har da shessheka.

"Wannan wace irin masifa ce! Shekara ashirin suna ci ba wanda ya mutu! Ke kuma kin yi zuru kamar ba ke aka yi wa ba. Ki yi kuka, 'yar nan, kar abin ya kashe ki a ciki!"

"Inna, ba ya zuwa."

Haka kwanaki suka yi ta wucewa. Tana tashi, tana salla, tana girki. Tuwo da ruwa duk ɗanɗanonsu ɗaya a bakinta. Ranar da aka sa za a ɗaura auren ta zo, ta yi wanki ta shanya. Ko a cikin gida yanzu ba ta cire safa.

A shago kuwa wayar ta ƙare ƙaf cikin sati biyu. Alhaji Uwaisu ya ce a sake wata tallar, Zulkifilu ya ce shi ya daina. Duk Juma'a yakan sauko daga masallaci ya zo zaure. Ya yi ta magana, ita tana kallon tabarma.

"Ba zan saɓa wa Hajiya ba," ya ce mata wata rana, "amma na gaya mata ba zan nemi wata ba. Zan jira har ta sauko."

"Kar ka ɓata lokacinka."

"Lokacina ne ai."

Cikin wata na biyu wani abu ya fara faruwa da ba wanda ya zata. Wata mata daga Paki ta yi sallama, ta ce ita ma ta ga bidiyon, ta ɗaga mayafi ta nuna irin wannan tabo a wuyanta. Bayanta wasu biyu suka zo. Ba abin da suke nema sai sunan asibiti da kuma ganin wadda ke da irin nasu. Mukarrama takan gaya musu abin da likita ya ce, ta raka su ƙofa, ta dawo ta zauna.

Wata Asabar da safe, wata uku cif da fitar tallar, Hajiya Adama da kanta ta iso. Inna Bilki ta shimfiɗa mata tabarma a inuwa. Mukarrama ta durƙusa ta gaishe ta, ta kawo ruwa. Hajiya ta amsa ba ta dube ta ba, ruwan ma ba ta taɓa ba. Kowa ya san abin da ya kawo ta.

Ba ta kai ga buɗe baki ba aka yi sallama. Wata mata ce mai suna Halima daga Kurmin Kogi, tana jan 'yarta Samira, yarinya 'yar shekara tara da ta rufe rabin fuskarta da hijabi.

"Ku yi haƙuri, na ga kuna da baƙuwa," in ji Halima. "Daga nesa muka zo. Samira, buɗe su gani."

Yarinyar ta ƙi. Uwar ta janye hijabin a hankali. Farin tabo ne ya zagaye bakinta da gefen ido.

"Ta daina zuwa makaranta tun bara. A gidan ma kakarta ta ware mata kwano da moɗa. Da aka nuna mata bidiyon nan kwana ta yi tana kallo. Ta ce sai an kawo ta ta ga mai hannun."

Mukarrama ta dubi yarinyar. Sai ta kama bakin safarta ta zare, ta zare ɗayar, ta miƙa hannayen biyu a gaban kowa.

"Ga su. Taɓa ki ji."

Samira ta sa ɗan yatsa ta taɓa, ta kuma taɓawa. Sannan ta ɗago kai.

"Anti, ke an yarda a ci abinci da ke?"

"Ni nake dafawa ma."

"To za a aure ki? An ce ni ba mai aurena."

Inna Bilki ta sunkuyar da kai.

"Ban sani ba, Samira," in ji Mukarrama, muryarta ba ta canza ba. "Wannan yana hannun Allah. Amma na gama sakandare, na sauke Alƙur'ani, kuma ban taɓa sa wa kowa ciwo ba. Ke ma ba ki sa wa kowa ba. Jibi Litinin, ki koma makaranta."

Ta ɗauko curi ɗaya daga kwando, ta ɓantara da hannunta, ta ba yarinyar.

"Ni ma ɓantaro mini."

Hajiya Adama ce ta yi maganar. Mukarrama ta juya tana neman faranti.

"A'a. Da hannunki."

Ta ɓantara ta miƙa. Hajiya ta karɓa ta sa a baki, ta daɗe tana tsotsa, idonta a kan ƙaramar yarinyar.

"Bilki," ta ce daga baya, "ba zan ɓoye miki ba, zuwa na yi in ce a bar maganar nan gaba ɗaya. Tsoro nake kar a ware wa jikana kwano. Yanzu na zauna na ga ashe ni ce mai warewar. Ku yafe mini. Malam Maiwada zai dawo a sa rana."

Inna Bilki ta fashe da kuka tana hamdala. Mukarrama kuwa ta ce, "Allah ya saka da alheri, Mama," ta tashi ta ɗora ruwan abincin baƙi. Ba ta ji murna a ranar ba. Sai bayan kwanaki, tana cikin tankaɗe, ta ji tana 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi, ta tsaya tana mamakin kanta.

An ɗaura auren bayan ƙaramar salla. 'Yan sarin Ikara wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba har yau. Zulkifilu yana nan a shago, kuma duk wanda ya sayi waya ya ɗaga zai gwada kyamara a kan masu wucewa, sai ya dafe masa hannu ya ce, "Malam, juyo da ita kaina. Waccan ba ta ba ka izini ba."

Ya ku matasa, kafin ku ɗauki hoton mutum ku watsa, ku tambaye shi, ko da masoyinku ne, don gogewa ba ta dawo da abin da ya riga ya fita. Ku kuma iyaye, kada ku yanke wa 'yar mutane hukunci da abin da kuka gani a waya alhali ba ku taɓa zama da ita ba. Mukarrama ba ta rama ba, ba ta roƙi kowa ba. Haƙuri ta yi, Allah kuwa ya isar mata.