Turaku Masu Jan Kai a Kan Burtali

Saura ƙiris ƙafar Attahiru ta tsallake igiyar, sai ya ji murya a bayansa.

"Malam, janye ƙahwarka."

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama kamar zalɓe, sarƙar awo rataye a kafaɗarsa. Da ya waiga sai ya ga budurwa doguwa da ƙwaryar nono a ka, tana masa kallon da ake yi wa akuyar da ta shigo rumfa.

"Ai igiya ce kawai," in ji shi.

"Dangwali na. Nan muka ɗaure maruƙa. A gidan ga ba a ƙetare shi, ko baƙo ko ɗan gida, in an ƙetare shanu ka watsewa. Zagaya."

Igiyar doguwa ce, an ja ta a ƙasa tsakanin turaku biyu. Attahiru ya bi ta har ƙarshe, ya zagayo, ya dawo gabanta yana goge gumi. Sai a sannan ta yi murmushi, shi kuwa lissafin da ya ɗauko tun safe ya zube masa kaf.

Sunanta Dela, 'yar Ardo Hamma, mai rugar da ke bayan Tungar Arzika, can gaba da Kaoje a ƙasar Bagudo, inda mutum kan yi tafiyar hantsi ya tsinci kansa a Dahome, ƙasar da yau ake kira Benin. Shi kuwa Attahiru ɗan Birnin Kebbi ne, ma'aikacin wani kamfanin masu tsara gari da aka ɗauko daga Kaduna. Ana shirin karɓar mulkin kai a shekarar, an ce dole garuruwan bakin iyaka su yi kyan gani kafin a ɗaga sabuwar tuta.

Tun daga ranar, awon Attahiru ya riƙa karkata wajen ruga. Leburorinsa suka lura cewa babu kusurwar da aka fi aunawa a duk ƙasar Bagudo kamar gindin tsamiyar da Dela ke wanke ƙore.

Ba ta karanta boko, don haka saƙo ta bakin Goggo Kubura yake bi, ƙanwar Hamma, wadda ke kai nono kasuwa. Goggo ba ta rage kalma, sai dai ta ƙara tata.

"Ta ce in hwaɗa ma: Mai Sarƙa, rana ta yi zahi yau, ka sha inuwa. Ni kau na ce, rama ta ishe ka haka nan."

Shi kuma ya ce, "Ki ce mata: Delata, inuwar da nika so tana ruga, ba a bar ni in zamna ba tukuna."

Wata rana a gindin tsamiya Dela ta nuna masa wani fili mai faɗi da ya taso daga kudu, ya bi ta gefen gari ya zarce ruga. Babu gona a kansa, babu gida.

"Ka san mi ne ne wancan?"

"Burtali na, hanyar shanu."

"Shanunmu na Dahome cin rani, wurin Namadi ɗan ƙanen Baffa mahaihina. Da ruwan hwari ya sauka ta nan za su biyo. Mai Sarƙa, takardarka ba ta cin hanyar ga ko?"

Ya buɗe mata taswira a gwiwarsa, ya bi farin layin da yatsa. "Dibi nan. Na bar shi yadda yake. Na yi miki alkawali."

Gaskiya ya faɗa, a ranar. Abin da bai sani ba shi ne takardar gari tana sake fuska duk sanda aka sake mai kujera a ofis.

Hamma dama bai saki jiki da shi ba. Da Attahiru ya aika dattawa neman auren Dela, amsar ba ta yi tsawo ba. "Mutumin da ka auna ƙasa, wata rana shina auna mai ƙasar. Ɗiyata na da ɗan'uwa da aka riƙe mata, Namadi. A bari shi dawo."

Ana cikin wannan sai motar kamfani ta iso da sabon umarni. An sake tsari. Yanzu ba a son dabba ta ratsa garin bakin iyaka. A kan burtalin nan za a gina ofishin kwastan da layin kantuna, a ja waya ta kewaye, don babu filin da ya kai shi shimfiɗuwa. Attahiru ya rubuta ya yi bayani, aka amsa masa cewa a taswira wurin babu kowa. Ya sake rubutawa, aka tuna masa cewa akwai samari da yawa masu neman aikinsa.

Ya kafa turakun. Da hannunsa ya nuna wa leburori gurbin kowanne, gajeru masu jan fenti a ka, suka jeru a tsakiyar burtali tun daga bakin iyaka har kusa da dangwalin Hamma. Ya gaya wa kansa cewa kafin a kawo waya zai samo dabara. Bai je gindin tsamiya ba a makon nan, kunya ta hana shi.

Garin ya yi wani irin shiru. Mata suka daina bi ta burtali zuwa rijiya, suna zagaye turakun kamar sababbin kaburbura. A kasuwa aka fara raɗe-raɗin cewa da zarar an ɗaga tuta za a rufe iyaka, wanda ke can ya zauna can. Kullum da la'asar hadari kan taso daga gabas, ya yi baƙi, ya yi gunji, ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. Kowa ya san ba zai daɗe yana watsewa ba.

Namadi ya bar shanu da makiyaya ya tsallako iyaka. Ya bi layin turakun a ƙafa, sanda a wuya, ya zo ya tsuguna gaban Hamma. "Baffa, yaron ga ba Dela yaz zo nema ba. Hanya yaz zo gani, ya kau gani. Ku taho can, ciyawa na nan, ba mai buga ma icce ga ƙohwa."

Hamma ya yanke magana. Ba za a dawo da shanu ba, su ne za su bi shanun, kuma a can za a ɗaura auren Dela da Namadi.

Goggo Kubura ta sami Attahiru a rumfarsa. Wannan karon ba ta ƙara komai ba.

"Ta ce: Mai Sarƙa, ka nuna min hanya da yatsanka, kac ce ka bar ta. Na gaya ma Baffa kai ba ka ƙarya. Yanzu ban san inda za ni sa idona ba. Ran Lahadi muna ƙetarewa. Kak ka aiko da amsa."

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Aikin nan shi ne alfaharin gidansu, tsohonsa har ya gaji da faɗa wa maƙwabta cewa ɗansa na zana garuruwa. Amma da ya tuna Dela a bayan waya, a ƙasar da ba zai iya shiga ba sai da takarda, sai ya ga rasa aikin ya fi masa sauƙi.

Ran Lahadi da hantsi hadari ya haɗu, bai kuma watse ba. Attahiru ya fito shi kaɗai, ba sarƙa ba taswira, ya nufi bakin iyaka. Ya kama turken farko ya girgiza, ya tumɓuke. Ya kama na biyu. Mutane suka fito bakin ƙofa suna kallo. Wakilin kamfani da ya kawo umarnin ya biyo shi da sauri, riga na kaɗawa.

"Attahiru, ka san abin da kake yi? Wannan aikinka ne kake tumɓukewa."

"Na sani, ranka shi daɗe. Ka rubuta musu ni na."

Tafukansa sun fashe kafin ya kai ƙarshe. Ya ɗaure turakun dami guda, ya ɗora a ka kamar mai itace, ya doshi ruga, ruwa ya fara ɗiga.

A rugar an riga an kwance bukkoki, an ɗora kaya a jakuna. Dangwalin ma an kwance masa kai ɗaya, yana yashe cikin turɓaya, babu maraƙi ko ɗaya a jikinsa. Hamma na tsaye a ɗaya gefen, Namadi a kusa da shi, Dela a bayan Goggo ta sunkuyar da kai.

Taku ɗaya ne tsakanin Attahiru da Hamma. Dami na danne masa wuya, jini na bin gwiwar hannunsa. Ya dubi igiyar da ke ƙasa, sai ya juya ya bi ta a hankali har ƙarshenta, ya zagayo, sannan ya zube turakun a gaban dattijon ya durƙusa.

"Baffa, ga su. Ni nak kahwa su, ni nac cire. Hanya ta buɗe."

Hamma bai dubi turakun ba, sawun da ya zagaye igiyar yake kallo.

"Wa ya koya ma wanga?"

Goggo ta ɗan matsa gefe, Dela ta bayyana, hawaye na haɗuwa da ruwan sama a fuskarta.

Namadi ya ce, "Baffa, kamfani za su turo wani."

"Za su turo," in ji Attahiru. "Amma sai bayan damana. In sun taho su iske ni nan. Na san ƙohwar da aka bugawa, na san irin maganar da suka ji."

Hamma ya dubi Attahiru sama da ƙasa. Sannan ya ce, "Yanzu ba ka da aiki, ba ka da ko akuya."

"Haka na, Baffa."

"Namadi, koma ka koro shanu."

Namadi ya dubi Dela, ya ga inda idonta yake. Ya saɓa sandarsa ya kama hanyar kudu.

Shanun sun biyo burtali cikin ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙaho bayan ƙaho, suna take ramukan turakun har suka shafe. Attahiru na tsaye a gefe, Dela na ɗaure masa tafin hannu da gefen mayafinta.

"Mai Sarƙa, yanzu mi za ni kiranka, ba sarƙar?"

"Kira ni yadda kika so, Delata, muddin daga kusa na."

An ɗaura aure bayan an ɗaga tuta, da kaka, sabuwar shinkafa ta shigo. Tsohon Attahiru ya zo daga Birnin Kebbi fuska a ɗaure, ya koma da ƙwaryar man shanu yana yabon surukarsa. A ranar ma an ga wata motar awo ta wuce ta bakin kasuwa a hankali, da baƙin fuskoki a ciki suna leƙen burtali. Mutane suka bi ta da ido har ta ɓace, masu kiɗa ma sai da suka ɗan sassauta.

Hamma bai ko ɗaga kai ba. Yana tsugune a ƙofar sabon gidan amarya, yana ja mata sabon dangwali na maruƙan da ya ba ta. Da ya zo kafa shi, sai ya ciro biyu daga cikin turakun nan masu jan kai, ya buga ɗaya a nan, ɗaya a can, ya ɗaure igiyar tamau. Ya miƙe ya ɗora hannu a kan Dela da Attahiru.

"Allah shi cika muku ita da maruƙa, shi cika ɗakin ga da ɗiya. Wanda duk yaz zo da awo, Allah shi sa shi zagaya."

Goggo Kubura ta rangaɗa guɗa, jama'a suka shafa da amin.